Ana Kiranmu Likita



Mu uku ne a wannan labari, kuma sai da muka yarda mu duka kafin a rubuta shi. Aji ɗaya muka zauna a poli, muka yi difloma ta shekara biyu a fannin aikin ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, muka fito da irin sakamakon da ba a ɗaukarsa hoto a saka a Facebook. Biyu Lowa Kiredit, ɗaya Fas. Ga wanda bai san lissafin poli ba, maki 4 ne ƙololuwa. Daga 3.50 zuwa sama Distinshin ke nan, 3.00 zuwa 3.49 Ofa Kiredit, 2.50 zuwa 2.99 Lowa Kiredit, 2.00 zuwa 2.49 kuma Fas, wato ka dai fita da ranka. Wanda ya fi ƙoƙari a cikinmu 2.71 ya samu.

Bayan mun gama, biyu daga cikinmu suka samu aikin taimako a ɗakin gwajin jini na wani ƙaramin asibitin kuɗi, na ukun ya kafa tebur da lema a bakin kasuwa yana sana'ar POS. Duk wanda ya taɓa rataya farar riga a unguwa ya san abin da ke biyo baya. Ba a yi wata guda ba sunanmu ya koma "likita". Mai shayi ya ce likita, mai wanki ya ce likita, tsofaffi su tare mu a hanyar masallaci su zaro kwalin magani daga aljihu su ce mu duba musu. Iyayenmu mata ba su gyara wa kowa ba, mu ma ba mu gyara ba. Maganar gaskiya, sunan yana da daɗi.

Daren da ya daina yi mana daɗi cikin damina ne, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke cika gadaje. Wajen ƙarfe sha ɗaya wata mata ta shigo da yaro ɗan kimanin shekara uku a kafaɗa, tafin hannunsa fari fat, numfashinsa sama-sama. Muka ɗibi jini, muka juya shi a inji, muka auna. Ma'aunin yawan jini da muke kira PCV ya nuna 13, alhali na yaro mai lafiya ya kamata ya haura 30. Likitan asibitin guda ɗaya ne, ya tashi tun magariba, wayarsa kuma ba ta shiga. Nas ɗin da ke bakin aiki ba za ta ƙara wa yaro jini ba sai da umarninsa. Matar ta karɓi takardar, ta juya ta gaba da baya, ta dube mu ta ce, "Likita, me za a yi masa?"

Mun san lambar, mun kuma san jini yake buƙata. Amma nawa za a ƙara masa, cikin awa nawa, me za a lura da shi kada zuciyarsa ta gaza, duk wannan ya fi ƙarfin iliminmu, doka ma ba ta ba mu ikon taɓa shi ba. Muka tare mata adaidaita sahu, muka haɗa mata abin da ke aljihunmu, muka ce maza babban asibiti. Ba ta dawo ba, ba mu sake jin labarinsa ba.

Washegari da yamma muka zauna a ƙarƙashin lemar mai POS muna ba shi labari. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To ku zama likitocin mana, tunda an riga an raɗa muku suna." Da wasa ya faɗa, amma babu wanda ya yi dariya. A nan ne muka gano abin da shekara biyu a aji ɗaya ba ta nuna mana ba: dukkanmu uku likitanci muka cike a JAMB ɗinmu ta farko bayan sakandare, dukkanmu kuma ba mu kai maki 200 ba. Kowa ya binne maganar ya tafi poli. Ranar muka tono ta.

Da farko mun ɗauka diflomar ce za ta ɗauke mu kai tsaye zuwa aji biyu na jami'a, ta hanyar da JAMB ke kira DE. Muka sauko da kundin sharuɗɗan kwasa-kwasai a waya, muka bi jami'o'in ɗaya bayan ɗaya. Abin da muka tarar shi ne ƙofar aji biyu a likitanci an tanade ta ne ga mai babban sakamako a jarabawar share fage irin IJMB, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da ita, ko JUPEB, ko kuma mai digiri na farko a fannin kimiyya da sakamako mai kyau. A duk makarantun da muke hari ba mu ga inda Lowa Kiredit ɗinmu zai shiga ba, balle Fas. Shekara biyun da muka yi, da kuɗin da iyaye suka kashe, a wannan ma'aunin ba su da nauyi ko na ƙwayar gero. Wannan ya ɗauke mu kwanaki kafin mu haɗiye.

Saura hanya ɗaya ke nan, a koma layi tare da yaran da suka gama sakandare bana. Nan ma akwai shinge tun kafin JAMB. Likitanci yana neman kiredit biyar: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, kuma jami'o'i da dama suna cewa sai a zama ɗaya. Mu kuwa faci muka yi muka shiga poli, Turanci daga WAEC, Fiziks daga NECO, domin inda wannan ta ba mu C6 waccan D7 ta ba mu. Wasu jami'o'in ma suna ba kowane sakamako maki su haɗa da na JAMB, ta yadda mai C6 da mai A1 ba su tashi daga wuri ɗaya ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi, wanda ba mu taɓa faɗa a fili ba sai yau. Ko kiredit ɗin da muke da su ba duka ne namu ba. Biyu daga cikinmu sun rubuta jarabawar ƙarshe a irin makarantun nan da ake biyan "kuɗin taimako" a rubuta amsa a allo. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Ranar da muka buɗe tsofaffin tambayoyin Kemistiri muka kasa ƙididdige nauyin sinadari mafi sauƙi, mu da muke da difloma a aikin ɗakin gwaji, ranar muka gane cewa ƙaramin sakamakon namu bai zalunce mu ba. Gaskiya ya faɗa, har ma ya rufa mana asiri. Bashi ne muka ci tun daga SS1, muna ta ɗaga biyansa, ga shi ya zo karɓa.

Kafin mu yarda mu biya, sai da muka nemi hanyar zillewa kamar kowane mai bashi. Wani mutum mai babbar riga da kati a wuya ya ce yana da hanya a sama, in aka ba shi wani abu sunanmu zai fito. Mai POS ya kwashe rabin jarinsa ya ba shi. Bayan wata biyu lambar mutumin ta daina shiga. Da mun tsaya mun yi bincike da mun san cewa duk gurbin karatu na gaskiya sai ya bi ta manhajar JAMB da ake kira CAPS, inda ɗalibi da kansa zai gani ya karɓa ko ya ƙi. Wasu suka ce mu shiga kowane kwas na kimiyya, in mun gama aji ɗaya sai mu nemi canji. Muka tambayi ɗaliban da suka gwada, muka tarar waɗanda suka dace 'yan ƙalilan ne, sauran suna can suna ƙarasa kwas ɗin da ba su taɓa so ba. Wasu suka ce waje, domin Sudan ta daɗe tana karɓar ɗaliban likitanci daga Arewa. To kuɗin da dala ake biya, mu kuwa albashinmu ko buhun shinkafa bai cika saya ba. Daga baya ma yaƙi ya ɓarke a can a watan Afrilun 2023, aka kwaso ɗalibai a motoci ta iyakar Masar, karatun da yawa ya tsaya cak. Kuma ko ka gama a waje lafiya, sai ka dawo ka ci jarabawar tantancewa ta hukumar kula da aikin likita ta ƙasa, wato MDCN, kafin a ba ka lasisi.

Da hanyoyin nan suka toshe ne muka je kasuwa muka sayi littattafan SS1. Mai shagon ya ce, "Na ƙanne ne?" Muka ce e.

Wurin karatunmu shagon cajin waya ne na wani abokinmu, saboda shi ke da wutar sola. Daga bayan isha'i zuwa ƙarfe ɗaya na dare, kullum ban da daren Juma'a. Malamarmu ta farko ƙanwar ɗayanmu ce, 'yar SS3, wadda muka roƙa ta riƙa koya mana a zauren gidansu bayan la'asar ranar Asabar da Lahadi. Ta tsaya da alli a gaban ƙaton allon katako tana cewa, "Yaya, ba haka ba ne, sake duba alamar." Yayan nata, wanda unguwa ke kira likita, ya sunkuyar da kai ya goge. An ce gemu ba ya hana ilimi, amma ba a faɗi irin kunyar da mai gemun yake sha ba.

Abu biyu ne suka fi yi mana amfani. Na farko, kowa ya buɗe littafin kurakurai. Duk tambayar da ka faɗi sai ka rubuta ta, ka rubuta dalilin faɗuwar, ko rashin sani ne, ko gaggawa, ko rashin fahimtar Turancin tambayar. Bayan wata uku muka ga kusan rabin kurakuranmu a Fiziks daga Turanci suke da kuma lissafin ƙananan aji. Na biyu, agogo. Jarabawar JAMB tambaya 180 ce cikin awa biyu a kan kwamfuta, 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga Bayoloji, Kemistiri da Fiziks, jimillar maki 400. In ka raba, kowace tambaya daƙiƙa 40 take da ita. Sanin amsa bai isa ba, sai ka san ta da sauri. Muka riƙa saka ƙararrawar waya muna gwada kanmu, ana cajin wayoyin mutane a gefe.

Muka fara da gyara tushe, muka rubuta jarabawar WAEC ta masu zaman kansu, wadda aka fi sani da GCE. Wannan karon babu allo, babu taimako. Biyu suka haɗa kiredit biyar a zama ɗaya, na ukun Fiziks ta sake kayar da shi, sai a shekara ta gaba ya cike. Ko da C ne, ranar da sakamakon ya fito mun ji wani abu da ba mu ji ba ranar karɓar difloma, domin wannan namu ne.

Sai JAMB. Zauren jarabawa cike da 'yan shekara sha bakwai, har wani ya tambayi ɗayanmu ko shi ne mai sa ido. A layi muka ga wata matar aure ta miƙa wa wata dattijuwa jaririnta kafin a duba yatsanta ta shiga, muka ji sanyi a ranmu cewa ba mu kaɗai ne muka makara ba. Karo na farko muka samu 198, 214 da 226. Karo na biyu 231, 247 da 263. Da muka ga 263 har mun fara taya juna murna, sai jerin sunaye ya fito babu ko ɗayanmu.

A nan ne muka fahimci abin da ba a faɗa wa ɗalibai tun da wuri. Mafi ƙarancin makin da jami'a ke sanarwa izinin shiga layi ne kawai. Kowace makarantar likitanci tana da adadin ɗaliban da MDCN ta amince ta ɗauka, gwargwadon malamanta da kayan aikinta da gadajen asibitin koyarwarta, masu nema kuwa sun ninka guraben sau da yawa. A jami'o'in tarayya ana raba gurabe kashi uku: 45 cikin ɗari ga waɗanda suka fi maki daga ko'ina, 35 ga jihohin da ke kewayen jami'ar, 20 ga jihohin da aka lissafa a matsayin masu ƙarancin ilimin boko. Bayan haka ga jarabawar tantancewa ta jami'ar kanta. Ke nan zaɓen makaranta ma wani ilimi ne. Shekara biyu muna cike babbar jami'a saboda suna, alhali jami'ar jiharmu tana nan, inda takardar shaidar ɗan jiha take da nauyi. Kuma sakamakon JAMB na shekara ɗaya ne. In ka rasa, makinka ya tafi, sai ka sake sayen fom.

Duk wannan bai kai zafin abin da ke faruwa a gida ba. Mahaifin ɗayanmu ya kira shi bayan sallar asuba ya ce, "Ni ban hana ka ba. Amma lissafa mini, shekararka nawa za ka gama?" Ya lissafa. In ya shiga yana da 27, karatun shekara shida ne a takarda: shekara ɗaya ta kimiyyar share fage, sai ilimin sassan jiki da yadda suke aiki da jarabawar da ke sallamar mutane da yawa a aji uku, sai shekarun asibiti. Ya zama 33. Ƙara shekarar sanin makamar aiki, 34. Wannan in babu yajin aiki ke nan, alhali na malaman jami'a na 2022 kaɗai wata takwas ya ci. Hidimar ƙasa ma ba za ta same shi ba, tunda wanda ya wuce 30 lokacin kammalawa takardar yafewa ake ba shi. Baban ya yi shiru, sannan ya ce, "Ƙannenka huɗu, ni kuma saura mini shekara biyu na ajiye aiki." Bai ƙara komai ba. Wani daga cikinmu kuma an sa masa rana, da gidan yarinyar suka ji zancen shekara shida suka aiko da sallama cikin mutunci, aka mayar da kaya. Ba mu ga laifinsu ba.

Mu da muke rubuta labarai, sau nawa muke tura jarumi Indiya a shafi na goma ya dawo likita da mota a shafi na sha ɗaya? Abin da ke tsakanin shafukan nan biyu shi ne abin da muke ba ku yau.

Ga yadda ta kaya a karo na uku. Mai POS, mai Fas, wanda ya fi mu ƙarancin sakamako a poli, shi ya samu 288, ya cike jami'ar jiharmu, ya ci tantancewa, sunansa ya fito. Yanzu yana aji biyu, yana kira yana ba mu labarin warin sinadarin da ake adana gawa da shi. Za mu so mu ce ƙwazo ne kaɗai ya kai shi, amma ba za mu yi muku ƙarya ba. Ya yi ƙwazo, sai dai kuma sana'arsa ta ba shi damar buɗe littafi tsakanin mai cire kuɗi da mai turawa, ba ya aikin dare, ba ya ciyar da kowa, kuma yana da wa a Legas da ya ɗauki nauyin kuɗin makaranta. Lokaci da kuɗi suna cikin maki, ko da ba a rubuta su a takardar sakamako ba.

Na biyu, wanda aka mayar wa kaya, ya samu 254. Aka ba shi digirin kimiyyar gwaje-gwajen asibiti, shekara biyar. Ya kwana biyu yana kallon allon CAPS kafin ya danna karɓa. Wasu sun ce ya sare. Mu da muka san shi mun san lissafi ya yi. Aikin da yake yi a matsayin ɗan taimako zai dawo ya yi shi da ilimi da lasisi, kuma babu likitan da ke iya ƙara wa yaro jini ba tare da mai irin aikinsa ba.

Na uku shi ne mai wannan rubutu, mai 2.71, ɗan wancan baban da ya nemi a yi masa lissafi. Ya samu 261, bai shiga ba. Har yanzu yana ɗakin gwajin jini, har yanzu diflomar ce kaɗai takardarsa.

Bayan sakamakon muka sake zama mu uku, wannan karon a ɗakin kwanan ɗalibai inda mai POS ya koma. Muka ɗauko takarda muka rubuta iyaka: saura gwaji ɗaya. In an dace, alhamdu lillahi. In ba a dace ba, za a karɓi aikin jinya ko duk kwas ɗin lafiya da makin ya kai, ba tare da jin an faɗi ba, domin akwai ƙanne huɗu da su ma suke da nasu burin. Muka sa hannu mu duka, aka kai wa Baba ya gani. Ya karanta, ya ninke, ya saka a aljihun gaba, ya ce, "Allah ya yi albarka."

Muna sane cewa a cikin masu karanta wannan akwai mai NCE da ke koyarwa, akwai mai HND da ke zaman shago, akwai wadda aure ya katse wa karatu, kowa da tsohon burinsa a ƙasan akwati. Abin da za mu iya ce muku shi ne abin da muka gani da idonmu. Ƙaramin sakamako bai rufe ƙofar ba, tunda ga mai Fas a aji biyu. Amma babu wanda zai tsallake da kai. Ɗauko takardunka ka dube su kamar na wani, ka tambayi kanka wanne ne naka na gaskiya. Karanta sharuɗɗan makarantar da kanka kafin ka saurari kowa. Lissafa shekaru da kuɗi tare da waɗanda za su ji nauyin a jikinsu, domin ba kai kaɗai za ka biya ba. Sannan ka rubuta iyakarka tun kafin ka fara, lokacin da hankalinka ke kwance, saboda bayan faɗuwa ta biyu zuciya ba ta iya lissafi.

Abu ɗaya dai ya canza tun kafin kowa ya zama komai. Mun daina amsa sunan. In aka ce likita, sai mu ce gwajin jini muke yi, in aka zaro kwalin magani mu nuna hanyar asibiti. Wasu suna jin haushi, suna cewa rowar ilimi ce. Makon jiya wata tsohuwa ta kawo jikanta gwajin zazzaɓi, ta ce, "Sannu likita." Muka ce, "Iya, ba likita ba ne, likitan yana ɗaki na biyu." Ta dubi farar rigar, ta dubi littafin Fiziks na SS2 da ke buɗe kusa da madubin gwaji, ta ce, "To Allah ya sa ka zama, ɗan nan." Muka ce amin.

Fom ɗin JAMB na gaba yana nan tafe, kuɗinsa yana cikin asusu tun watan jiya. Ku saka mu a addu'a. Sai wani makon, in Allah ya kai mu.